Sanda Mai Gwangwani Ya Je Kallon Tsuntsaye

A Ƙarfi idan ka tambayi gidan Malam Sanda sai an ce maka wanne, domin masu sunan suna da yawa. Amma kana cewa Mai Gwangwani za a nuna maka zauren da ke fuskantar fadama. A gonarsa ya samo laƙabin. Duk shekara, da zarar shinkafa ta fara ɗaukar ido, sai ya kakkafa sanduna ya zagaye ta da igiya, ya rarrataya gwangwanayen madara da na tumatir, kowanne da tsakuwa a ciki. Ya hau rumfar da ya ɗaura a tsakiya, yana jan igiya yana ihu tun fitowar rana har faɗuwarta. Ihun nan ne ya dusar masa da murya, har yau in yana magana sai ka ce mura yake yi.

Gabarsa da tsuntsu tsohuwa ce. A shekarar da ya auri Hajo, jan-baki suka taso kamar hadari suka sauka a dawarsa, kafin ya ankara sun bar masa kara tsirara. Dole ya bar amarya ya tafi Zariya dako har damina ta zagayo. Tun daga nan ko tantabara bai yarda a kiwata masa a gida ba. Kajin Hajo ma yana haƙuri da su ne don ya san ƙarshensu tukunya.

'Yar autarsa Amatullahi ta auri wani ɗan Funtuwa mai suna Ubaidullahi, malamin lissafi, mutum mai ladabi, wanda aiki ya kai shi wata jami'a a Uganda. Da ta haihu, suka matsa lallai iyayenta su zo a yi hutu tare a bakin wani babban tafki. Sanda ya so ya zame, amma Hajo ta ce ko da rarrafe sai ta ga jikarta. An gama girbi, ba shi da hujja, sai ya bi ta.

Abin da ba a gaya masa ba shi ne surukin nasa ya ɗauko wata ɗabi'a a can. Kallon tsuntsaye yake yi. Ba ya harbi, ba ya ɗana tarko, kallo kawai, da madubin hangen nesa rataye a wuya kamar laya.

Washegarin isarsu suka fita zaga gari. A gefen wata kasuwa, kan tsibin shara, Sanda ya hangi babba-da-jaka sun kai garke, suna takawa cikin mutane kamar da su aka kafa garin. Ubaidullahi ya taka burki, ya miƙo madubin da hannu biyu.

"Baba, duba wancan na gefen kwata. Dubi faɗin fikafikansa, Masha Allah."

Kunyar suruki ta hana Sanda cewa a'a. Yana ɗora madubin a ido sai ga kan tsuntsun a gaban hancinsa: sanƙo duk ɓawo-ɓawo, ƙudaje na bi, ga wata jar jaka tana reto a wuya, ga hanjin wata dabba yana lilo a bakinsa yana ƙoƙarin haɗiyewa. Sanda ya janye idonsa. Ya mayar da madubin, ya goge hannu a riga, ya ce, "Na gani." Ranar ko da aka kawo abincin rana, da ya ga nama a kai sai ya ture kwanon, ya ce ruwa ya ishe shi.

Ashe wannan somin-taɓi ne. Bayan kwana biyu Ubaidullahi ya ce yau za su ga tsuntsun da mutane ke tsallako teku dominsa. Aka bar Amatullahi da jaririya a mota, aka sa Sanda da Hajo a kwale-kwale, aka kutsa da su cikin wani dausayi mai warin ruɓaɓɓiyar ciyawa. A wani kwale-kwalen kuma ga wani tsohon Bature da matarsa, sun shafe fuska da farin mai. Mai tuƙi ya ɗora yatsa a leɓe. Ubaidullahi ya raɗa wa Sanda, "Baba, an ce ko tari kada a yi, kada ya tashi."

Sanda ya dube shi. Shi da ya ƙarar da muryarsa wajen korar tsuntsu, yau shi ake cewa ya kame baki don kada ran tsuntsu ya ɓaci.

Suka yi ta zama, rana na dukansu, ƙwari na cizo. Can sai ga abin a tsaye cikin ciyawa, toka-toka, dogo, da wani irin baki kamar an kifa masa takalmi sau-ciki a fuska. Ba ya motsi, ba ya kuka, sai zare ido kamar gunki. Da ya ga dama sai ya faɗa ruwa da ka, ya ɗago da ƙatuwar gaiwa tana mutsu-mutsu, ya datse ta, jini da yauƙi na zuba, ya haɗiye. Bai tsaya nan ba, sai ya saki farin kashi ya bi ƙafafunsa har ƙasa. Baturiyar nan ta dafe ƙirji, har da share hawaye.

"Da gangan yake yi, Baba," in ji Ubaidullahi cikin raɗa, fuskarsa cike da murna. "Haka yake sanyaya ƙafafunsa."

"A'uzu billahi," in ji Sanda. Ya karkata wajen matarsa. "Hajo, wannan muka baro gida muka hau jirgi mu gani? Mai yi wa kansa kashi?"

"Malam, rufa mana asiri," ta ce, tana danne dariya da bakin mayafi. "Gaban suruki ne fa."

A hanyar komawa masauki ne tura ta kai bango. Titin ya ratsa wasu gonakin shinkafa da suka fara nuna, sai Ubaidullahi ya sake tsayawa, ya fito da sauri yana saita kyamara. Sanda ya leƙa ta taga. Jan-baki ne, su ɗin dai, irin na Ƙarfi, sun yi baƙi ƙirin a sama suna murɗawa suna sauka.

"Ikon Allah!" in ji Ubaidullahi. "Amatu, zo ki ga yadda suke juyawa tare kamar hayaƙi!"

Shi kuwa Sanda ba sama yake kallo ba. Wata mata ya hango a tsakiyar gonar, ita kaɗai da goyo, tana gudu daga wannan kunya zuwa waccan tana kaɗa tsohon kwano, muryarta ta kusa ƙarewa. Bai san lokacin da ya buɗe ƙofa ba. Ya tuɓe takalma, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya tsunduma cikin taɓo yana tafi yana kwarara ihun nan nasa na fadama. Matar ta fara ja da baya, ta ɗauka mahaukaci ne. Da ta ga inda ya dosa sai ta fashe da dariya, ta jefo masa kwanon, ita ta ɗauki sanda. Ba mai jin yaren wani, amma ya tare gabas ta tare yamma, har garken ya tashi. Bai yi nisa ba, gonar maƙwabci ya koma, Sanda kuma ya san yana juya baya za su dawo.

Ya fito yana haki, santsi ya kayar da shi sau ɗaya, rigar salla ta zama ta taɓo har wuya. Da ya duba ƙwaurinsa sai ga matsattsaku biyu sun maƙale sun yi tiɓis da jininsa. Hajo ta yi salati, Amatullahi ta rasa inda za ta sa kanta.

Ubaidullahi ya tsuguna yana cire masa su, ya ce a hankali, "Baba, ai tsuntsayen nan ma halittar Allah ne."

Tun da aka ɗaura auren nan Sanda bai taɓa mayar masa da magana ba, sai ranar. "Ɓera ma halittar Allah ne," ya ce. "Ban ga ka tsayar da mota kana ɗaukarsa hoto ba."

Sauran kwanakin hutun Sanda bai ƙara fita ba sai masallaci. Yana zaune a ɗaki, labule a sake, jikarsa a cinya, yana yi mata wasa da carbi. In an fita kallo an dawo ana ba da labari, sai ya tashi ya ce zai yi alwala.

Da suka dawo Ƙarfi, masu zuwa sannu da zuwa suka cika zaure. Ya yaba musu ruwan saman ƙasar da girman ayabarta, ya ce ƙasa ce da ko taɓarya ka dasa sai ta tsiro. Da amininsa Mati ya tambaye shi abin da aka kai shi ya gani, sai ya yamutsa fuska ya tofar da yawu gefe, ya ce, "Bari, Mati, yanzu na ci abinci."

Shi da Ubaidullahi suna nan lafiya, suna gaisawa ta waya cikin mutunci, ba mai tayar da zancen. Surukin bai daina ɗabi'arsa ba. Bara ma Amatullahi ta bugo ta ce wannan karon Kenya za su, akwai wani tafki da tsuntsaye masu jan gashi ke rufewa ruf, mijinta ya ce lallai a zo da Baba.

"Ki gaishe shi da kyau," in ji Sanda. "Ki ce masa gwiwata ta matsa mini."

Hajo ita kaɗai ta tafi.