Yatsun da Na'ura Ta Ƙi Karɓa

Lokacin da Gwaggo 'Yardada take takaba, gafakar Alƙur'anin mijinta, marigayi Malam, ta farke ta ƙasa. Ba ta gaya wa kowa ba. Mikail, maƙwabcinsu a Soron Ɗinki, ya shigo gaisuwa, ya hango gafakar a rataye, ya tafi da ita shiru. Bayan kwana biyu matarsa Jamila ta dawo da ita da sabuwar fata, ɗinkin ƙanana ƙanana kamar an jera gero. Da Gwaggo ta aika da godiya, cewa ya yi ai Malam ne ya koya masa Fatiha.

Mikail baduku ne ɗan baduku. Tun yana ɗan shekara tara yake zama a rumfar mahaifinsa a Ƙofar Wambai, inda ake haɗa takalma. Shi da yatsa yake shafa gam, wai buroshi ba ya jin inda fata ta sha da inda ba ta sha ba. In gam ɗin ya bushe a hannu sai ya kankare da samfefa ya ci gaba. Shekara talatin yana haka. Gwaggo ta daɗe da lura cewa kan yatsunsa sumul suke, suna ƙyalli kamar bayan cokali, amma ba ta taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Kasuwa ta ja baya, takalman roba sun cika ko'ina, ga 'ya'ya huɗu. Ana nan sai Alhaji Abdulmalik, wanda yake kai takalma ƙasar Larabawa, ya dawo da albishir: wani kamfani a can ya ga ɗinkin Mikail, yana son sa aikin shekara biyu. Takardar ɗaukar aiki ta iso. Mikail ya yi fasfo, ya karɓo shaidar 'yan sanda, ya yi gwajin lafiya, aka ce masa takardar gwajin kwana sittin kawai take aiki. Abu ɗaya ya rage kafin a buga biza: a ɗauki zanen yatsunsa.

Jamila ce ta ba Gwaggo labarin ranar. Ma'aikaciyar ofishin ta ce ya ɗora yatsu a kan gilashi, ya ɗora. Ta ce ya goge hannu ya sake, ya sake. Sau shida.

"Malam, wai kai wane aiki kake yi ne? Na'ura ta ce babu mutum a nan."

"Ga ni kuwa, Malama, har da hulata."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce zanen ya shafe, ya je ya huta da aiki sati uku, ya riƙa shafa mai, ko Allah zai sa ya tsiro.

Ya dawo gida ya zauna. Jamila takan lafta masa man kaɗanya ta zura masa safa a hannu. Ranar da ya leƙa kasuwa a haka, abokan sana'a, da tuni suka laƙaba masa Balarabe saboda tafiyar, suka yi masa caa.

"Ga amarya, ga amarya! Balarabe, lalle aka sa maka?"

"Ku dai ku ci gaba da shaƙar gam, ni turare zan tafi shaƙa."

Ya faɗa yana dariya, amma da ya dawo Gwaggo ta gan shi a dakalin ƙofar gida, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon ƙafafun masu wucewa. A kwana na goma sha ɗaya wani tsohon mai ciniki ya kawo aikin takalman biki, a ranar kuma garin tuwo ya ƙare a gidan. Mikail ya ce yini ɗaya dai ba zai yi komai ba. Yini ɗaya ya zama huɗu.

Ya koma ofishin, na'ura ta sake ƙi. Kafin a ba shi wata rana, takardar gwajin lafiya ta mutu, sai da ya sake bin layi aka sake ɗibar jininsa. Alhaji Abdulmalik ya same shi har zaure, Gwaggo tana jiyo su ta katanga.

"Ni na tsaya maka, Mikail. Sun ce ƙarshen wata, in babu biza za su ɗauki wani. Ka ɗaure hannun nan mana!"

"Alhaji, in na yi aiki babu tafiya, in na zauna babu tuwo."

"To ka zaɓa."

Jamila ta fara soya awara a ƙofar gida. Shi kuma ya rasa inda zai sa kansa. Rannan ta kama shi a bayan ɗaki da basilla, yana ɗinke takalmin makarantar 'yarsu, ta fizge, suka yi ta cacar baki har Gwaggo ta leƙa ta ba su haƙuri.

Washegari da hantsi, Gwaggo tana kan darduma, Mikail ya yi sallama. Buhu ne a kafaɗarsa. Ya sauke a bakin ƙofarta, ta ji ƙarar ƙarfe: basilla, wuƙaƙe, guduma, almakashi, har da gwangwanin gam. Ya durƙusa, ya juya tafin hannunsa sama kamar mai addu'a, ta ga wasu 'yan layuka sirara sun fara fitowa a babban yatsa.

"Gwaggo, saura kwana ashirin da uku in koma gaban na'ura. Jamila tausayina take ji, in na matsa za ta ba ni. Ke ce ba zan iya yi wa musu ba. Ki tura min wannan ƙarƙashin gadonki. Zan zo, na san kaina, zan ce miki yini ɗaya ne kawai, zan ce yara ba su ci ba, wataƙila ma gaskiya ce. Don Allah kada ki ba ni."