Shafin Gwaggo a Littafin Gidanmu

A shekarar da 'yan uwanmu suka taso daga Khartum da Jazira suka sauka a gidanmu na Gadarif, gidan ya cika har sai da aka ƙara rakuba biyu a tsakar gida, wato rumfunan karan da muke fakewa a ƙarƙashinsu da rana. Yara masu yawa suka haɗu a wuri ɗaya ba su san juna ba. Wata rana Baffa, yayan mahaifina, wanda yake dillancin dawa da riɗi a kasuwar hatsi, ya ji wata jikarsa tana kiran ƙanwar kakarta da "matar nan". Ransa ya sosu. Da yamma ya kira ni ya ce tunda na gama jami'a kuma kwamfuta tana jin maganata, in rubuta wa gidan littafi, tun daga kakan kakanmu da ya taso daga yamma da shanunsa har zuwa jaririn da aka haifa a watan jiya.

Na karanta ilimin adana littattafai da bayanai, kuma na yi 'yan watanni a wani ofishi inda ake shirya wa manoma ƙananan littattafan jagora. A can na koyi aiki da wata manhajar rubutu wadda ba ta barin mutum ya zuba magana yadda ya ga dama. Sai an fara kafa mata ƙa'ida, kamar yadda ake kafa dirkoki kafin a ɗora rufi, sannan a cika. Na tsara tawa ƙa'idar cikin kwana biyu. Kowane mutum yana da sashensa, kuma a cikin sashen akwai gurabe: suna, uba, uwa, wurin haihuwa, sana'a, sai 'ya'ya. Kowane ɗa yana zama ƙaramin sashe a ƙarƙashin mahaifinsa. A gefen allon kwamfutar manhajar tana nuna dukan littafin a jere, reshe a ƙarƙashin reshe. Idan na ja sunan mutum zuwa wani wuri, 'ya'yansa da jikokinsa duk suna binsa. Lambobin sassa da jerin abubuwan da ke ciki ita take shirya su da kanta. Idan kuma na bar gurbin da ƙa'ida ta wajabta babu komai, sai ta ɗora masa wata 'yar alama rawaya, ba ta kuma cire ta sai na cika.

Da Hausa nake tambayar manya, da Larabci nake rubutawa, domin shi ne yaran suke karantawa. Na ɗora wa kaina sharaɗi cewa ba zan shigar da magana ba sai mutum biyu sun tabbatar da ita. Inda aka saɓa, kamar batun ko an haifi wani kakanmu a Fau ko a kan hanyar zuwa can, sai in buɗe sharhi a gefen shafi in rubuta maganar kowa, in bar gurbin yana jira. Aikin ya yi mini daɗi ƙwarai. Ina son ganin alamomin nan suna raguwa ɗaya bayan ɗaya.

Alama ɗaya ce ta ƙi tafiya, ita ce ta shafin Gwaggo.

Gwaggo ita ce babba a ɗakinsu mahaifina, ta girmi Baffa da shekaru da dama. Ta yi aure, mijinta ya rasu tun kafin a haife ni, Allah bai ba ta haihuwa ba. A hannunta na tashi, domin ana yaye ni mahaifina ya kawo ni ɗakinta ya koma gonarsa a Basunda. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana da komai ba sai "Uwata". Duk wannan na san shi kamar yadda na san hanyar ɗakinmu. Amma da na zauna a gaban kwamfuta, gurbin yana tambayar 'ya'ya, ni kuwa ina ƙarƙashin mahaifina inda ya dace. Mako uku alamar tana kallona. Daga ƙarshe na rubuta a gurbin: "Ba ta haihu ba." Alamar ta ɓace. Na tuna har ajiyar zuciya na yi, don a ganina littafin ya zama babu aibi.

Na buga gwajin farko a wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin rakuba, aka dafa jabana, ƙamshin gahawa da citta ya cika gidan. Baffa ya sa tabarau ya fara karantawa da ƙarfi, yana fassara wa tsofaffi. Ana ta dariya, ana gardama a kan wanda ya girmi wani. Da ya buɗe shafin Gwaggo sai na ga idonsa ya tsaya. Ya yi gyaran murya, ya juya takardar.

Gwaggo ba ta karatu, amma ba a yi mata irin wannan.

"Kai, me ka tsallake?" in ji ta.

"Babu komai, Yaya. Naki ne, gajere ne."

"Miƙo in ga gajartarsa."

Ya miƙa mata. Ta riƙe takardar nesa da fuskarta, ta dubi layuka biyar da ke sama, ta dubi farin da ya cika sauran shafin. Ta ɗauki shafin Baffa ta jera su, nasa baƙi ƙirin da rubutu har ƙasa.

"Uwata, tawadar ce ta ƙare a kaina?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta ce in karanta mata layin ƙarshe. Na karanta. Ta gyaɗa kai ta ce, "Sahih, ba ƙarya a ciki." Ta mayar wa Baffa takardar, ta zuba wa kowa zagaye na biyu, ba ta zuba wa kanta ba. Ban taɓa ganin ta tsallake kofi na biyu ba sai ranar.

Washegari da safe na buɗe kwamfuta, na kama sunana a jerin gefe na ja shi zuwa ƙarƙashin Gwaggo. Nan take lambobi suka sauya: na fita daga cikin 'ya'yan mahaifina, ƙanena ya zama na fari. Na kai wa Baffa kafin ya fita kasuwa. Ya duba, ya girgiza kai.

"A'a, Ustaza. Nasaba ba a taɓa ta. Gobe wani jika ya buɗe littafin nan a kan maganar gado ko ta aure, ya ga an ba wa mutum iyayen da ba nasa ba, wa zai ɗauki alhakin? Ni ma abin ya dame ni jiya, amma ki mayar."

Gaskiyarsa ce, na mayar. Sai na yi tunanin in kwafi sashena in ajiye a wuri biyu. Wannan kuma na san illarsa tun a ofis, inda aka taɓa rubuta zurfin ramin shuka a shafuka biyu, aka gyara ɗaya aka manta ɗayan, littafin ya fita yana ƙaryata kansa. Mutum yana aure, yana haihuwa, yana ƙaura. Kwafi biyu ba za su daɗe suna faɗin abu ɗaya ba.

Kwana biyu ina juya maganar kafin in gane cewa laifin ba na manhajar ba ne. Ni na rubuta ƙa'idar, ni na ce mutum ba shi da kowa a ƙarƙashinsa sai wanda ya haifa. A gidanmu kuwa kusan babu wanda ya girma a ɗakin da aka haife shi kaɗai. Na buɗe ƙa'idar na ƙara gurbi sabo: waɗanda ya riƙa, ko ta riƙa. A cikinsa ban sa kwafi ba, na yi amfani da abin da ake kira nuni. Nuni yana ɗauko sunan mutum daga ainihin sashensa ya nuna shi a wani wuri, tare da lambar shafin. Idan aka gyara sunan a can, ya gyaru a nan da kansa. Mutum yana nan a ƙarƙashin mahaifinsa, kuma ana ganinsa a shafin wadda ta goya shi. Na ƙara wani gurbin a sashen kowane yaro don sunan mariƙinsa, domin hanyar ta zama ta zuwa da dawowa.

Sai na ɗauki littafin rubutuna na tafi ɗakin Gwaggo. Na same ta a kan angarib, gadon igiyarta, tana tsince wake. Na bayyana mata abin da nake so, na ce mutum huɗu na sani, har da ni.

"Huɗu?" Ta ajiye faifan. "Ke da jami'arki?"

Na ce to sai ta faɗa mini iyakar abin, domin ba zan rubuta duk wanda ya taɓa cin tuwonta ba, in ba haka ba rabin unguwa zai shiga. Wane ne ɗan riƙo, wane ne baƙo?

Da alama tambayar ta burge ta. Sannan ta ce, "Wanda ya jiƙa mini shimfiɗar nan na wanke ban mayar wa uwarsa ba, ya kuma yi damina guda cur a ɗakina, daga ruwan fari har a yanke riɗi. Wanda bai kai haka ba, ziyara ya zo."

Na rubuta wannan kalma da kalma, na sa shi a farkon littafin a matsayin ma'anar riƙo. Ta fara lissafawa da yatsu. Akwai 'yar ƙanwarta da aka kawo lokacin da uwar ta kwanta ciwo. Akwai tagwayen da uwarsu ta kasa da su biyu, aka ba ta ɗaya, ɗayan ya ƙi zama sai da ya biyo ɗan uwansa. Akwai wani wanda yanzu direban babbar mota ne, ban taɓa sanin ya zauna a gidanmu ba. Kowane suna da labarinsa, wani da dariya, wani ta ɗan tsaya kafin ta ci gaba. Muka tashi da tara. Ban bar sharaɗina ba: na bi su ɗaya ɗaya, wasu ta waya, na nemi shaida ta biyu. Direban da na kira ya ce in rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Na tara shi ne ya fi ba ni tsoro, domin Baffa ne.

Manhajar tana iya nuna duk abin da aka ƙara da wani launi daban, ya zauna a haka har sai mai dubawa ya amince ko ya ƙi. Na kunna wannan kafin in shigar da sunayen, na kai wa Baffa kwamfutar a rakuba. Gwaggo tana gefe tana gasa gahawa, kamar ba ta san abin da ake yi ba. Ya bi koren rubutun da yatsa yana cewa "tamam, tamam", ina danna amincewa. Da ya iso layin ƙarshe ya cire tabarau.

"Wannan kuma fa? Ni uwata ce ta raine ni."

"Uwarka tana gonar riɗi a Basunda damina biyu," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago ba. "Wa ya goya ka? Bayan nan nawa har yau yana ciwo, kai ne ka fara lalata shi da ƙaton kanka."

"Yaya, a gaban yara?"

"Shimfiɗar ma in faɗa?"

"Halas, ya isa!" Ya juyo gare ni yana dariya har da hawaye. "Ustaza, ina shaidarki ta biyu?"

Na ce masa na kira mahaifina, ya ce tun suna yara mahaifiyarsu take ba su labarin. Baffa ya mayar da tabaransa, ya ce in nuna masa inda ake dannawa. Da yatsansa ya amince.

Saura jimlar nan tawa ta "Ba ta haihu ba." Na ce wa Gwaggo zan goge ta, tunda yanzu na mayar da gurbin 'ya'ya ba dole ba. Ta ce kada in taɓa.

"Gaskiya ce, Uwata, kuma ba abin kunya ba ce. Sai dai ki sauko da ita ƙasa. Su waɗannan su hau sama."

Na kama gurbin riƙo a jerin gefe na ja shi sama da gurbin 'ya'ya. Aikin bai kai ƙiftawar ido ba. Shafinta ya cika ya zuba cikin na gaba, shafukan da ke bayansa duk suka matsa, jerin abubuwan ciki ya gyara lambobinsa ban taɓa shi ba. Duk da haka sai da na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da fensir, don hankalina ya kwanta.

Da na kawo mata bugu na biyu, ta jera shafinta da na Baffa kamar wancan karon, ta ƙirga layuka da yatsa, ta ce nata ya fi. Sannan ta nuna 'yar jaririyar da ke barci a bayanta, 'yar ɗaya daga cikin matan da suka zo daga Khartum, wadda uwarta ta samu aiki a Fau ta bar ta a wurinta.

"Wannan fa?"

Na ce mata watanta biyu kacal a ɗakin, kuma ita da bakinta ta ce sai damina guda cur.

"Ji mini yarinya! Da dokata za ki kama ni?"

Na buɗe sharhi a gefen shafin na rubuta ranar da aka kawo jaririyar, na bar shi yana jira. Ruwa ya sauka, baƙar ƙasar Gadarif ta zama taɓon da ke cire wa mutum takalmi, dawa ta yi kai. Ranar da motocin farko suka shigo kasuwa da sabon riɗi, Baffa ya dawo gida ya faɗa mana, Gwaggo ta aiko a kira ni tun ban gama cin abinci ba. Na ɗauko kwamfutar na zauna a bakin angarib, na rufe sharhin, na ƙara nuni na goma.