Uwar Wuta, Wadda Ta Tsaya Tsakanina Da Wuƙa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ranki a asibiti, Yaya. Shi Ya ba mu aronki, kuma Shi Ya karɓi abinSa. Ni ce na fi kowa cancantar rubuta wannan, domin wuƙar da ta shige ki ni aka zo da ita a soka.

A shagon da muke aiki, inda ake gasa fiza, wato gurasar Turawa mai cuku a sama, ke ce shugabar kicin. Uwar Wuta ake kiranki, rabi saboda murhun gashin da kike tsaye a gabansa duk yini, rabi kuma saboda bakinki. Ba kya raga wa kowa, har mai shagon. Amma da aka ce a riƙa zubar da fizar da ta kwana, ke kika buga tebur kika ce ba a gabanki ba. Daga nan ma'aikata suka fara tafiya da ita gida.

Ba na manta ranar da kika kama ni ina tura ragowar fiza cikin na'urar ɗumama abinci. Kika fizge farantin kamar kin kama ɓarauniya. "Tsumma za ki ba yara?" kika ce. Sai kika ɗora busasshen kaskon suya a ƙaramar wuta, babu mai ko ɗigo, kika kwantar da yankan har ƙasansa ya yi ƙaras. Kika ɗiga ruwa kaɗan a gefen kaskon, ba a jikin fizar ba, kika rufe da murfi domin tururi ya narkar da cukun da ke sama. Na miƙa hannu zan karɓa, hannun rigata ya zame, kika ga shatin bel a damtsena. Kika daɗe kina kallo. Ba ki tambaye ni wanda ya yi ba. Cewa kika yi, "Idan an tashi, ki kwaso yaranki. Ɗakina yana da faɗi."

Ɗakin naki ba shi da faɗi, Yaya. Gado ɗaya ne da kujera, kuma ke kika koma ƙasa. Da safe kafin yarana su tafi makaranta, a wannan kaskon kike yi musu ɗumame, kina faɗa a kan safa da ta ɓata, suna dariya don sun gane faɗanki ba ya cizo. Ke kika raka ni kotu har aka raba auren.

Ranar Litinin ɗin da ta gabaci rasuwarki, da rana, muna tsakiyar aiki, tsohon mijina ya banko ƙofar baya. Kafin in juyo ya damƙi gashina ya buga fuskata a kan teburin murza ƙullu. Na ji haƙorina ya karye, jini ya cika mini baki. Ya sake bugawa. Mazan da ke kicin suka daskare, domin sun ga wuƙa a ɗaya hannun nasa. Ke ba ki daskare ba. Kika zaro dogon katakon da ake fito da fiza daga murhu, kika maka masa a wuya har katakon ya tsage. Ya sake ni, na faɗi. Kika tsallake ni kika tsaya a gabana hannu babu komai, kika ce, "Sai dai ka bi ta kaina."

Ya bi. Ya soke ki a ciki, ya zare, ya ƙara a ƙirji. Duk da haka kika riƙe wuyan hannunsa da hannu biyu, yana naushinki a fuska kina ƙara ƙanƙamewa, har direbobin shagon masu kai wa mutane fiza suka shigo suka danne shi a ƙasa. Jininki ya gauraya da garin fulawa a kan siminti. Na danna tawul a raunin, jinin yana fitowa ta tsakanin yatsuna. Kika dube ni, kika ce in rufe bakina, haƙorina ya yi muni. Wannan ce maganarki ta ƙarshe da na ji.

Yana hannun hukuma yanzu, kuma zan tsaya a gaban alƙali in faɗi duk abin da idona ya gani.

Da na je gaisuwa, na kasa ɗaga kai a gaban mahaifiyarki. Tsohuwar ta kamo hannuna ta ce, "'Yata, abu ɗaya zan tambaye ki. Ta ji tsoro?" Na ce, "A'a, Inna." Ta gyaɗa kai ta ce, "Na sani. Zauna kusa da ni."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da ɗanki, da ƙannenki, da duk wanda ya taɓa cin abin hannunki ko ya sha faɗanki. Allah Ya ba su haƙurin da ni har yanzu nake roƙo. Allah Ya gafarta miki, Yaya, Ya karɓi jinin da kika zubar a matsayin shahada, Ya yalwata kabarinki Ya cika shi da haske. Yadda kika tare mini, Allah Ya tare miki.