Dawar da Ake Aiko Mini Kaduna

Har yau in na ji ƙaurin tuwon dawa ya kama gindin tukunya, sai in tuna gidanmu na gindin dutse, kan hanyar Dabai, a ƙasar Zuru. Ku da kunka tashi kunka iske ana auno abinci a kasuwa, ku saurara. Mu a ƙuruciyarmu gishiri da kanwa kaɗai ake saye. Rumbunan mahaifinmu na tsaye bayan ɗaki, kakarmu ke iko da su, ba mai leƙawa sai da izininta. In damina ta yi tsakiya, ciyawa ta rufe hanya, sai ta rage ma kowa malmala, ta cika miya da ganyen rama. Ni ke goyon ƙanena lokacin. Nakan gutsuri nawa in tura mishi a baki, kakarmu ta gani ta kau da kai.

Da mahaifinmu ya rasu anka raba gado, gonar bakin rafi ta faɗo mini. Da ita na ciyar da ɗana har ya shiga soja.

Shekara ta dubu biyu da 'yan kai, matar ɗana ta rasu a barikin Kaduna, ta bar yara ƙanana. Na damƙa ma ƙanena gona da rumbu, na hau mota.

Kaduna ta koya mini abin da ban sani ba. Itace saye, kuka saye, har tsintsiya saye. Kwanon awonsu an buge gindinsa ya shige ciki, mai awo ta share bakinsa da hannu, balle ka ce gyara. Albashi ya shigo yau, jibi ba labarinsa. Sai na ɗauko dabarun kakata. Ɗumame da safe, ba shayi ba burodi. Sabulu in yanka in ɓoye rabi, man ja in auna da murfin kwalba. Yara su yi ta kukan taliyar da ɗiyan maƙwabta ke ci, in lallashe su da ƙuli.

Abin da ke riƙe da zuciyata, duk kaka ƙanena na aiko buhun dawa a motar Zuru, da saƙo a bakin direba: daga gonarki ne. In kwance bakin buhun in kira matan bariki su gani, in ce mu a garinmu abinci ba abin saye ba ne.

Da ɗana ya bar soja, wani kamfani ya ba shi gadi a nan Kaduna. Ya durƙusa gabana ya ce, "Inna, me kika gani?"

Na ce, "Gadin me? Abin da wata guda ke ci a nan, a Zuru sai ya kai mu rani. Ga gona, ba haya, itace na bisa dutse. Tashi mu tafi gida."

Ya ji maganata, ya ƙi aikin.

Munka iso Zuru da ruwan shuka, ƙasa na ƙamshi. Washegari na ja jikokina su ga gonar. Na iske an zagaye ta da katangar bulo, an haƙa harsashi. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya fito ya tambaye ni wa nake nema. A gonar ubana.

Na samu ƙanena ƙofar gida yana wanke babur. Bai ko miƙe ba.

"Yaya, ai na ɗauka kin zama 'yar birni. Tun shekarar da kika tafi anka yi ma gonar tayi mai kyau, na sayar. Kuma ba ina aiko miki dawa ba?"

"Dawar ina?"

"Ta kasuwa mana. Dawa ai dawa ce."

Dattawan dangi sunka taru, sunka ce ciki ɗaya muke, a rufa asiri. Anka rufa nashi, namu ya tonu. Ɗana ya koma Kaduna neman gadin, ya iske an ba wani. Daga ranar bai sake neman shawarata ba. Fanshonsa na soja kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Na ɗauki kwarya na shiga kasuwar Zuru, matan da sunka san rumbunan mahaifina suna auna mini, suna sunkuyar da kai. Kwanonsu ya fi na Kaduna cika, wannan gaskiya ne. Amma arhar Zuru ta mai gona ce.

Yanzu gidaje sun cinye bakin rafin, har da wayar lantarki. Jikokina sun girma, ba wanda ya iya riƙon fartanya. In suna gardamar wace jiha ta fi sauƙin zama, ba na sa baki. Hanyar asibiti ta gaban katangar nan ta bi, ita ce mafi kusa. Ni kuwa, da gwiwoyin nan masu ciwo, ta bayan dutse nake zagayawa.