Kurmin da Baba Ya Ƙi Sarewa

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Isuhu na Korgom, kuma wallahi ban taɓa bukatar in tambaye shi wani abu ba kamar yanzu.

Ina yarinya aka samu mulkin kai, gyaɗa kuma ta shiga kan kowa. Malaman gona suka riƙa zuwa daga Tasawa suna cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, babu kututture ko ɗaya, don garmar shanu ta wuce. Kowa ya ɗauki gatari. Baba ma ya yi sara, ba zan ɓoye maku ba. Amma akwai wani kurmi a gindin gonarmu, bakin tabki, mai gawo da tsamiya da magarya, wanda ya ƙi taɓawa. Ya bi itatuwan gefe ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura masu ƙullin ciyawa. A wajenmu kowa ya san ma'anar wannan: da mai shi, kada a sa ƙarfe.

Kai, ya sha suna! Raggo, mai gonar aljanu. Inna kanta sai da ta ce mashi, "Malam, mutane na cika buhuna, kai kana kiwon tsuntsaye?" Ya ce, "To, in mutum ya gaji, ina zai zauna?"

Kuma an zauna. Ranar kasuwa Jauro Bello, abokin Baba, nan yake shayar da shanunsa ya miƙe ƙafa. Mata su tsinci magarya, ’yan lakwal, wato ’yan makaranta, su yi wanka. Sharaɗin Baba kaɗan ne: ɗauki abin da ya faɗo, kada ka karya ɗanye, ka binne tokarka kafin ka tashi. Ranar da na karya reshen tsamiya, sa ni ya yi na ɗauko shi a ka na ratsa gari da shi. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Fari ya zo, gyaɗa ta tafi, iska ta kwashe gonakin nan masu tsabta. Yau wanda ya bar kututture ya tofo shi ake yabo. Da Baba na nan ban san ko dariya zai yi ba, ko tsaki.

Ga abin da ya ɗaure mani kai. Ƙannena suna son a raba kurmin a noma, ’ya’ya sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, kuma ba ƙarya suke ba. Wasu masu aikin kare daji kuma sun zo, sun ce za su kewaye shi da waya, a sa ƙofa da mai gadi da kujeru, mutanen birni su riƙa zuwa shan iska ranar Lahadi. Ba dabba, ba tsintar itace. Ni ce babba, ni ake jira. Sai ga jikan Jauro Bello ya zo ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, in an sa waya, ina za mu shayar?"

In na ƙi wayar, gatari na tafe. In na yarda, itatuwa sun tsira, an kori mutanen da Baba ya bar su dominsu. To wanne ya tsare, itacen ko zaman? Na juya maganar har kaina ya yi ciwo.

Makon jiya na sa aka kai ni kurmin bisa amalanke. Ƙullin Baba sun ruɓe tun tuni. Na tsige ciyawa na ɗaura wa gawo uku, gwiwa ta hana ni ci gaba. Ina zaune sai na lura cewa ƙullin nan sara yake hanawa, bai taɓa hana kowa shiga ba. Ko wannan amsa ce, Allah masani. Ƙannena dai sun tambaye ni, na ce masu ban sani ba tukuna.

Ranar kasuwa na koma. Na tarar an bi sauran itatuwan kaf an ɗaure su, har da tsamiyar da na karya. Na tambayi kowa, babu wanda ya ce shi ne. Na zauna a gindinta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Allah ya jiƙanka, Baba.