Sallolin Kawu Arba'in

Jami'armu ta tura ni Madina zango biyu in karanci harkar kasuwanci, bisa yarjejeniyar musayar ɗalibai. Sharaɗin ɗaya ne: darasin da ka faɗi a can, ka dawo gida ka maimaita shekara. Ɗaki na kama a unguwar Harra ta Gabas, gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Hajiya, wadda kakanninta suka zo daga ƙasar Hausa da ƙafa. Ɗanta direban tasi ne. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa.

Saura mako guda jarrabawa sai ga kawuna, yayan mahaifiyata, cikin maniyyatan farko, da wasiƙarta a aljihu. Layi uku ce, ta ƙare da cewa, "Ga amanata nan."

Kawu idonsa ya yi rauni, gwiwa ma haka. Ya zo da niyyar da mutanenmu ke zuwa da ita: salla arba'in a jere a Masallacin Annabi, kwana takwas, ba tsallake ko ɗaya. In ɗaya ta kuɓuce, a wurinsa an koma farko, jirgin ayarinsu kuma ba ya jira.

Sau biyar a rana nake riƙe hannunsa mu ratsa lungunan nan na baƙin dutse. Tafiyar da nake yi a minti ashirin, da shi sai mu ninka. Na yi zama a Alƙahira da Marsai da Landan daga baya, na ga gajiya iri-iri, amma ban taɓa ganin irin ta mai tafiya a hankali dole alhali zuciyarsa na gudu ba. Nakan buɗe littafi bayan la'asar, in farka da shatin takarda a kumatu.

Rana ta uku Hajiya ta ce ɗanta ya riƙa kai shi. Kawu ya ƙi.

"Ina da ɗa a garin nan, in kama hannun wani? A je gida a ce me?"

Jarrabawa mafi nauyi ta faɗo rana ta bakwai da hantsi, awa uku, a can bayan gari. Na auna lokaci ta kowace fuska. In na zauna har ƙarshe, azahar ta wuce Kawu, salla ta talatin da biyu. Ban gaya masa ba. A lokacin ba a gaya wa babba cewa ya zame maka nauyi, ko a kaikaice.

Tambaya biyar ce. Na amsa uku, na miƙe. Malamin da ke tsaronmu, wani Basudane, ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce da Larabci, "Zauna, ɗana, da sauran awa." Na ce masa uzuri ne.

Na isa gida jiƙe da gumi, ɗaki ba kowa. Hajiya tana tsintar shinkafa.

"Ai sun tafi shi da ɗana tun hantsi. Na ce masa yau kana da imtihan, ya bar taurin kai. Wallahi sai da na yi masa faɗa kamar ƙanena."

Na same su a masallacin, a inuwar wani ginshiƙi. Kawu yana ba da labarin farin da suka cinye gero wata shekara, direban yana cewa, "Aiwa, ya ammi," wato "Haka ne, baffa," yana dariya. Da Kawu ya ji muryata sai ya laluɓo hannuna.

"Har ka gama? Ashe bokon ba wuya."

"Na gama, Kawu."

Washegari ya cika arba'in da isha, ya yi kuka, ya sa mini albarka har muryarsa ta dushe.

Na faɗi darasin, na maimaita shekara a gida, abokan karatuna suka riga ni kama aiki. Mahaifiyata ta ɗauka Larabci ne ya yi mini yawa, na bar ta a haka. Kawu kuwa har ya rasu yana gaya wa mutane cewa ɗan ƙanwarsa, don kaifin kai, kafin lokaci yake fitowa daga jarrabawa.