Ladan Ran Bakwai

Shekara arba'in Daw Hla Kyi tana suyar ƙosai a kasuwar Sagaing, mijinta U Thaung kuwa yana zaune kan tabarma yana ibadar bin numfashinsa. Da ya mutu, malaman Buddha suka ce ya kai ga farkawa, ba zai sake dawowa duniya ba. Fatalwa ce kawai ke tsayawa jiran lada daga masu rai.

Ran bakwai da mutuwarsa, da hantsi, ita kaɗai a gida, ta tsiyaya ruwa daga buta, ta buga ƙararrawa kamar yadda ake yi wajen raba wa matattu lada, ta ce, "Ga lada, mai so ya ɗauka."

Daga kan tabarmar aka amsa, "Madalla," sau uku, har da tarin nan nasa.

Ta ajiye butar a hankali. "Maigida, duk wannan zaman, ashe ko ƙofa ba ka kai ba?"